Hanyar Kekuna A Bakin Kogin Rairayi

Cikin ƙasar Amurka, can wajen kudu maso yamma, kusa da iyakar Meziko, akwai wani birni a jihar Arizona wanda a ke rubuta sunansa Tucson, amma a baki Tusan a ke cewa. Birni ne na hamada, duwatsu kuwa sun kewaye shi ta kowace fuska. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutanen cikinsa sun haura 540,000. Ruwan saman da su ke samu a shekara bai fi inci 11 ko 12 ba, watau ko rabin na Kano bai kai ba, kuma wajen rabinsa cikin Yuli da Agusta da Satumba ya ke sauka, da iska da tsawa, kamar dai daminar ƙasar Hausa. Abin da ya sa a ke kawo labarin birnin nan shi ne wata hanya da aka yi wa masu keke da masu tafiya ƙasa, wadda ba a yarda mota ta bi ta ba ko da wasa.

Mutanen wurin suna ce wa hanyar Loop, ma'anarsa zobe, domin ta kewaye birnin ne ta dawo inda ta faro. Zoben kansa tsawonsa kamar mil 54 ne. In aka haɗa da rassan da suka fita daga jikinsa zuwa garuruwan Marana da Oro Valley da sauran unguwanni, a shekarar 2018 an lissafa mil 131, an kuma ƙara tun daga sa'an nan. Kwalta ce shimfiɗe sumul, faɗinta bai fi na mota guda da 'yan kai ba, an ja layi a tsakiya don masu zuwa da masu dawowa. Galibinta gaɓar koguna ta ke bi: Santa Cruz a yamma, Rillito a arewa, Pantano a gabas, sa'an nan wani rafi da a ke kira Julian a kudu. Inda titin mota ya ƙetare kogi bisa gada, a wurare da yawa sai hanyar ta sunkuya ta wuce ta ƙarƙashin gadar, saboda haka mutum ya kan yi tafiya mai nisa bai tsaya wa mota ba.

Baƙon da aka ce masa zo a yi hawa a bakin kogi, in ya tafi da zaton zai ga ruwa da kwalekwale da masunta, to, sai ya sake shiri, gama abin da zai iske rairayi ne fari fat, da 'yan itatuwa masu ƙaya a gefe. Mutumin Katsina ko na Daura ba zai yi mamaki ba, don ya san kogin da a ke ƙetarewa a ƙafa wata tara, sa'an nan ran da aka yi ruwa a tudu ya zo ya ci raƙumi da kayansa. Amma Santa Cruz ba haka ya ke ba tun fil azal. A da akwai wuraren da ruwansa ba ya yankewa rani da damina, mutanen ƙasar na asali kuwa sun yi shekara kamar 4,000 suna noman masara a fadamarsa. Sunan birnin ma daga harshen ƙabilar Tohono O'odham ya fito, ma'anarsa gindin baƙin dutse. Da gari ya yi girma aka haƙa rijiyoyi masu zurfi aka sa musu injuna, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta ja da baya. Kafin shekarun 1940 su ƙare kogin ya daina gudu sai in an yi ruwa, manyan itatuwan gaɓa suka bushe, aka mai da wasu sassan gaɓar juji. Gari ya ba kogi baya, aka riƙa gine-gine har bakin gaɓa kamar an yi alkawari da shi ba zai komo ba.

Ƙarshen Satumba da farkon Oktoba na shekarar 1983 ya komo. Ragowar wata guguwa da ta taso daga Tekun Pasifik ta zo bisa kudancin Arizona, aka yi kwanaki ana sheƙa ruwa, har abin da ya sauka a Tusan ya kai rabin na shekara guda. Kogunan nan suka cika maƙil. Ɓarnar da ta fi yawa kuwa ta wajen gaɓa ta zo. Gaɓar rairayi ce da ƙasa mai taushi, sai ruwa ya riƙa cinta ta ƙasa tana zabtarewa, kogi yana ƙara faɗi mutane na kallo, har ya iske gine-ginen da ke nesa da shi ya janye ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Gidaje da ofisoshi suka rufta ciki, gadoji da yawa suka lalace ko aka rufe su. A jihar duka mutane fiye da goma suka rasu, aka kuma ƙiyasta hasarar dukiya wajen dala miliyan 500.

Hukumar Gundumar Pima, wadda birnin ke cikinta, tana da ofishin tsaron ambaliya tun shekarar 1978. Bayan wannan masifa sai ta duƙufa ga ɗaure gaɓa. Dabarar da aka bi mai sauƙin faɗi ce. A kan ɗebi rairayin kogin kansa, a gauraya shi da sumunti daidai gwargwado da ruwa, a shimfiɗa shi hawa-hawa a jikin gaɓa, injin daɓe yana bi yana dannewa, har ya daskare ya zama kamar fa. Tun da ya ke yawancin kayan aikin a wurin ya ke, ya fi kankare araha. Amma gaɓar da aka ɗaure tana bukatar dubawa: dole injiniya ya zo ya ga ko ta tsage, dole motar aiki ta shigo ta kwashe abin da ruwa ya tara. Saboda haka aka bar 'yar hanya ta turɓaya bisa gaɓar, tana bin kogi duk inda ya nufa. Hanyar ma'aikata ce kurum, ba wanda ya yi ta don nishaɗi.

To, ba a daɗe ba sai ma'aikata suka riƙa ganin sawun da ba nasu ba: ga na takalmi, ga na kare, ga kofaton doki, ga tayar keke. Mutanen unguwannin da ke kusa sun gano akwai wuri miƙaƙƙe, marar tudu, wanda mota ba ta bi. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin hukuma ya san abin da ya fi sauƙi a irin wannan hali, watau a sayo waya mai ƙaya a kewaye, a kafa allo a rubuta an hana shiga, a rufe fayil. Ba mai tuhumar ma'aikacin da ya yi haka, don ya tsare kayan hukuma. Amma mutanen Pima suka ɗauki sawun nan kamar takardar koke wadda jama'a suka rubuta da ƙafafunsu. Suka ga tun da ƙasar ta hukuma ce, an kuwa riga an kashe kuɗin share ta, abin da ya rage kaɗan ne. Aka fara gyara wani yanki na gaɓar Rillito cikin shekarun 1980, aka shimfiɗa kwalta, aka dasa itatuwa, aka sa shingen ƙarfe ta wajen kogi don kada wani ya faɗa, aka kafa famfon ruwan sha da makewayi.

Daga nan ya zama al'ada, duk inda aka ɗaure gaɓa sai a yi mata hanya a sama. Aikin bai tafi da sauri ba. Bana a gama mil biyu a nan, baɗi a gama mil ɗaya a can, tsakaninsu kuwa akwai filin wani da sai an yi ciniki, ko gadar da sai an haƙa ƙarƙashinta. Ga kuma hukumomi daban-daban, ta gunduma da ta birni da na ƙananan garuruwa, kowace da baitulmalinta da majalisarta. Shekara da shekaru mai keke ya kan yi tafiya cikin kwanciyar rai, sai kwalta ta yanke, ya koma cikin motoci yana waige-waige, har ya sake samun wani gutsuren. Sai a shekarar 2018 aka haɗa bakin zoben, watau shekara 35 bayan ambaliya. Aka sa wa hanyar sunan Chuck Huckelberry, injiniyan da ke shugabancin ofishin hanyoyi da ambaliya a zamanin da aka fara aikin, wanda daga 1993 ya zama babban ma'aikacin gundumar duka. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Masu bin hanyar iri-iri ne, amma waɗanda su ke kewaye zoben duka a fita ɗaya galibi masu keken tsere ne. Wanda ya saba da Raleigh mai kariya da fitila, wanda a ke ɗora wa buhun gero a baya da yaro a gaba, in ya ga wannan sai ya ce ba a gama ƙera shi ba. An tuɓe masa duk abin da za a iya tuɓewa. Nauyinsa laba 18 ne zuwa 20, alhali kuwa wancan ya kan haura laba 40. Tayarsa siririya ce, faɗinta kamar inci guda, a kan cika ta da iska har ta yi tauri, don kada ta kwanta bisa kwalta ta ci ƙarfin mahayi. Kansa a lanƙwashe ya ke zuwa ƙasa kamar ƙahon rago, don mahayi ya sunkuya ya rage wa iska wurin dafawa. Yana da giya kamar ashirin, amfaninsu kuwa shi ne ƙafa ta riƙa juya feda bai ɗaya, sau 80 ko 90 a minti, ko a hawa ko a gangara. Irin wannan keke ba ya son rami, ba ya son yashi, ba ya son yawan tsayawa, shi ya sa hanyar zobe ta dace da shi ƙwarai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar kewaye zobe tun da dare ya kan duba birki da sarƙa, ya sa ƙaramin famfo da kayan faci cikin 'yar jaka ƙarƙashin sirdi, ya cika gorunan ruwa biyu, ya ajiye hular kwano kusa. Kayan facin nan ba ado ba ne. Babban abokin gaban taya a Arizona shi ne tsidau, shi ɗin nan dai da ke sa yaro marar takalmi ɗingishi a bayan gari. Can ma ya je ya yaɗu, ƙayarsa kuwa ba ta jin kunyar keke mai tsada. Lokacin fita kuma sai an zaɓa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar wurin mai daɗi ce. Amma daga Yuni zafi ya kan haura digiri 100 a ma'aunin Farenhait, a Yunin 1990 ma ya kai 117, watau 47 a ma'aunin Salsiyas. A irin wannan lokaci da asuba a ke fita, a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Iskar wurin busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa, mutum bai san ruwan jikinsa na ƙarewa ba sai jiri ya ɗebe shi. Don haka a kan sha tun ba a ji ƙishirwa ba.

Wasu su kan fara daga gindin baƙin dutsen nan da ya ba gari suna, yamma da tsakiyar birni, su bi Santa Cruz su yi arewa. Nan ƙasa tana gangarawa kaɗan-kaɗan tare da kogi, keke yana tafiya kamar ana tura shi. A dama ana jiyo rurin babban titin motoci, a hagu duwatsun yamma sun fara ja da hasken rana. Zomaye na tsallake hanya, wani lokaci a ga dila irin na ƙasar yana tafe cikin rairayi abinsa, ko wani tsuntsu mai doguwar wutsiya wanda gudu ya fi masa tashi. Lokacin zafi kuma sai a lura da maciji mai caki a wutsiya, gama ya kan fito ya kwanta bisa kwalta. Ba a tsokanarsa, ratse masa a ke yi.

In an kai inda Rillito ya shiga Santa Cruz sai a juya gabas, a nan kuwa aiki ya ke farawa, domin yanzu hawa a ke yi. Ido ba ya ganin tudun, cinya ce ke ba da labari. A hagu ga duwatsun Santa Catalina, waɗanda ƙololuwarsu ta haura ƙafa 9,000, da hunturu har ƙanƙara ta kan rufe ta ana kallo daga cikin hamada. Wannan yanki shi ne ya fi cika. Ga tsofaffi biyu-biyu suna tafe suna hira, ga mata na tura 'ya'yansu cikin keken jarirai, ga masu gudu, ga mai doki a gefe bisa turɓaya, ga ma'aikaci da jakarsa a baya ya nufi ofis. Akwai kuma wata gada wadda dubban jemagu ke wuni ƙarƙashinta lokacin zafi, in magariba ta yi su fito tuli guda kamar hayaƙi.

Can gabas kogi ya rabu biyu, sai a bi reshen Pantano a yi kudu maso gabas. Jama'a ta ragu, rana kuwa ta ɗaga. Nan ne mai gaggawar farko ya ke biyan bashi. Wanda ya sami gangarar Santa Cruz ya ɗauka ƙarfinsa ne, ya yi ta zuba gudu, a nan zai ga waɗanda ya wuce ɗazu suna wuce shi ɗaya ɗaya, suna yi masa sannu. Gaba kuma hanya ta bar kogi ta miƙe kudu ta cikin jeji, ta gabashin wani sansanin mayaƙan sama inda aka jera dubban tsofaffin jirage, saboda iskar wurin ba ta sa tsatsa. Sa'an nan a sami rafin Julian a juya yamma, ƙasa ta sake gangarawa, a yi ta sauka har a koma Santa Cruz. Mai ƙarfi wanda ke cin mil 15 a sa'a ya kan gama cikin sa'a uku da rabi da 'yan mintoci. Mai tafiya a hankali, mil 10 a sa'a, ya kan ci kusan sa'a biyar da rabi, ban da hutawa.

A fili irin wannan, abin da mahayi ke kokawa da shi iska ce. In ya ninka gudunsa biyu, turin iska ya ninku huɗu, ƙarfin da zai kashe wajen keta ta kuwa ya ninku takwas. Shi ya sa masu tsere su ke jeruwa ɗaya bayan ɗaya, taya kusa da taya: na gaba ya tsaga iska, na baya ya sami sauƙin da ya kan kai kusan sulusi, in na gaba ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Dabara ce mai kyau, amma a nan ne kuma rigima ta ke tasowa, domin hanyar ba tasu ba ce su kaɗai. Jerin mutum shida masu cin mil 20 a sa'a, in suka iske tsohuwa da karenta a kwana, su ne suka zama mota, ita ta zama keke. Ƙa'idar wurin sananniya ce: kowa ya riƙe damansa, mai wucewa ya wuce ta hagu, ya buga ƙararrawa ko ya yi magana tun daga nesa, mai keke ya saurara wa mai ƙafa, kowa kuma ya saurara wa doki. Ba ɗan sanda a kowace kwana. Abin da ke tsare ƙa'idar shi ne mutum ya tuna yadda gabansa ke faɗuwa in babbar mota ta shafe shi a titi, kada ya ɗora wa wani irin wannan.

Da damina kuma akwai wani hatsarin. Hanyar da ta sunkuya ƙarƙashin gada ta shiga cikin kogi ke nan. Ana iya yin ruwa bisa duwatsu nesa da gari, rana na haskawa a inda mutum ya ke, sai kawai ruwa ya iso jajawur, ɗauke da itace da tarkace. Hukuma ta kan rufe waɗannan wurare, in ruwa ya janye ma'aikata su zo su kwashe laka da yashi, don siririyar taya in ta hau yashi a kwana zamewa ta ke yi. Mai hankali in ya ga an rufe sai ya hau sama ya ƙetare titi.

To, mai karatu yana iya tambaya, ina amfanin mutum ya tashi da asuba, ya yi mil 54 yana gumi, ya dawo ƙofar gidansa bai kai saƙo ba, bai sayo komi ba, bai gai da kowa ba? A ƙasar Hausa keke abin biyan bukata ne, na malamin makaranta da masinja da mai kai kayan lambu kasuwa, wanda kuwa ya hau ba dalili sai a ce yawo ya ke yi. Amma mutumin da aikinsa na zama ne, daga kujerar ofis zuwa kujerar mota zuwa kujerar gida, jikinsa ba ya samun abin da manomi ke samu kyauta. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa rashin motsa jiki na jawo ciwon zuciya da hawan jini da ciwon sukari, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce baligi ya nemi aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Keke yana ba da wannan ba tare da ya ci gwiwa kamar gudu ba, shi ya sa a ke ganin masu furfura da yawa a hanyar. Har wa yau ba kowa ke kewaye zobe ba. Da yawa mil uku ko biyar su ke bi, daga gida zuwa aiki ko makaranta ko kanti.

Babban amfanin dai ya fi waɗannan nauyi, don maganar rai ce. Abin mamaki, a Amurka masu keke suna cikin waɗanda suka fara matsa wa hukuma a gyara hanyoyi. Ƙungiyarsu da aka kafa a shekarar 1880 ta yi shekaru tana roƙon a daina barin hanyoyi cikin taɓo, tun mota ba ta yaɗu ba. Da aka gyara sai mota ta zo ta gaje hanyar, aka tura mai keke gefe, tsakanin taya da kwata. A shekarar 2022 masu keke fiye da 1,000 suka rasu cikin hatsarin mota a titunan ƙasar. Mahayi komi ƙwarewarsa nama ne da ƙashi, mota kuwa ƙarfe ce, in direba ya dubi wayarsa na daƙiƙa biyu, ƙwarewar mahayi ba ta ceto. Shi kansa Huckelberry, a watan Oktoba na 2021 yana bisa kekensa a wani titi cikin tsakiyar Tusan mota ta buge shi, ya ji ciwo mai tsanani a kai da ƙirji, bai kuwa koma bakin aiki ba har ya ajiye shi a 2022. Mil ɗari da ɗoriya ya yi wa jama'a inda mota ba ta shiga, hatsarin ya same shi a inda hanyar ba ta kai ba. Uban da ba zai bar 'yarsa mai shekara takwas ta hau keke a titi ba, ya kan sake ta a bakin Rillito ya bi ta a baya. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Ba a ce aikin ba shi da aibi ba. Gaɓar da aka ɗaure da sumunti ba ta tsirar da itace, ruwan da aka matse kuwa ya kan ƙara gudu ya je ya ci gaɓar da ba a ɗaure ba a gaba. Akwai masana da suka fi son a ja gine-gine baya a bar wa kogi filinsa, gundumar ma ta sayi filaye da gidaje a wuraren da ruwa ke ci don kada a sake zama cikinsu. Akwai kuma marasa matsuguni da ke kafa bukkoki cikin kogi da ƙarƙashin gadoji, abin da ke jawo ƙorafi daga masu bin hanya, su kuma ya sa rayukansu cikin hatsari ran da ruwa ya zo.

Duk da haka akwai abin da ya sake tsakanin gari da koginsa. Wurin da ba mai zuwa shi a ke zuba wa shara da dare. Wurin da jama'a ke bi kullum, in aka jefar da tsohuwar katifa da safe, kafin azahar wani ya kai ƙara. A watan Yuni na 2019 hukumar ruwa ta birnin ta fara sakin ruwan da aka yi amfani da shi aka tace cikin Santa Cruz, kudu kaɗan da tsakiyar gari. Ruwan ba shi da yawa, ɗan siririn rafi ne, amma ciyawa ta tsiro, kwaɗi da tsuntsayen ruwa suka komo, har an saki 'yan ƙananan kifaye na asalin ƙasar a ciki. Masu keke su kan tsaya su jingina su yi ta kallo, domin an shekara wajen 70 ba a ga ruwa a nan ba sai in an yi sama.

Garuruwa da yawa a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna zaune a bakin koguna irin waɗannan, masu barci da rani su farka da damina, ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024 kuwa, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, ta nuna aikin tsaron ruwa ba na Arizona ba ne kaɗai. Duk inda za a ɗaure gaɓa, dole a karɓi ƙasar bakin kogi, dole a share ta, dole a bar hanyar ma'aikata, a nan kuwa yawancin kuɗi ya ke tafiya. Abin da mutanen Tusan suka ƙara shi ne 'yar siririyar kwalta, da shinge, da famfo, da dokar hana mota, da kuma haƙurin shekara 35 ana haɗa gutsure da gutsure, majalisa na sauka wata na hawa ba a yar da taswirar ba. Wanda ya fi wuya cikin waɗannan shi ne na ƙarshe. Ɗan makarantar da ke bin gefen titi kowace safiya da kekensa, tirela na wucewa tana kaɗa masa riga, ba ya bukatar keken tsere kafin ya amfana da irin wannan hanya. Abin da ya ke bukata shi ne, ran da injiniya ya zo auna gaɓa, a sami wani a ofis wanda zai ce a bar masa wurin wucewa a sama, a kuma rubuta haka cikin takardar aiki tun ba a zuba sumunti ba.